Ki tashe shi tsaye, 'yar'uwa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki kan yaronki da ke haddace kalmomin Turanci tas, amma in an tambaye shi ma'ana sai ya yi zuru, wallahi sai da idona ya ciko. Ɗiyata ce sak, lokacin tana aji uku.

Wata rana na je ɗaukarta na iske ta durƙushe cikin rana. Wai an tambaye ta ma'anar kalma biyar ba ta kawo ko ɗaya ba. A gabana, a gaban ƙawayenta, malamar ta kira ta daƙiƙiya. Yarinyar da ta kwana tana bita har barci ya sace ta da littafi a ƙirji! Har muka iso Ƙofar Ƙaura ba ta ce uffan ba, gwiwoyinta duk shatin tsakuwa. Sati biyu kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Matar nan ko haƙuri ba ta ba mu ba, har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Innarmu ce ta buɗe min ido. Ta sa ta bakace, yarinya ta tsaya tana kallonta. Sai Inna ta damƙa mata faifai, ta riƙe hannuwanta suka yi tare. Tun ranar ba ta ƙara haɗa bakace da tankaɗe ba. Na ce ashe! Ruku'u da sujada ma ai da jiki yaranmu suka san su.

Haka muka koma yi da Turancin. Kalmar tsalle, mu yi tsalle. Ta turawa, ta tura ƙofa. Ƙanena da ya iske mu ya ce ai a 2004 masana a Kambirij ta Ingila sun gano in mutum ya karanta kalmar shuri, sashen ƙwaƙwalwar da ke motsa ƙafa ma yana amsawa.

Kalma uku a rana ta isa, kuma don Allah ban da bulala. Irin su gaskiya da amana ba sa kamuwa da hannu, waɗannan da labari muke bi. Ki kuma lura ko yana ji sosai, a duba mishi kunne. Makarantar kuwa ki taka da ƙafarki, kar ki aika kowa, ki tambayi yaron a gefe yadda ake yi da shi a aji.