Dead Cells a waya: ya cancanci kuɗinsa?

Malam, ka tambaya ko gem ɗin Dead Cells ya cancanci saye a waya. Ƙwarai kuwa. Ƙaramin kamfani ne a Faransa, Motion Twin, ya fitar da shi a 2018, kuma faɗansa akwai daɗi: ka kai sara, ka mirgina ka kauce, ka daka tsalle. Ko sabis ya ɗauke a Birnin Kebbi kana bugawa.

Amma fa in aka kashe ka, farko za ka koma, hanyoyin ma sun sauya. Abin da ya fi damuna maɓallan kan gilashin waya ne: da zafin bazara yatsa ya jiƙe da gumi, ya zame daidai lokacin tsalle. In da hali, nemi abin buga gem na hannu mai Bluetooth.