Ga 'yar'uwar da ta ce ba ta san abin da take ji ba

'Yar'uwa, kin ce tun bayan abin da ya same ki, idan aka tambaye ki halin da zuciyarki take ciki ba ki da amsa, sai dai ƙirjinki ya yi nauyi, tafin hannunki ya jiƙe da gumi. Wallahi kamar da bakina kika yi magana, domin na shafe kusan shekara biyu a haka bayan hatsarin mota.

Har yau ban manta da ranar da na je wurin wani ma'aikacin lafiya ina haki ba. Ya auna jinina, ya ce lafiyata ƙalau, wai in daina sa wa kaina damuwa, bai ko ɗago kai ya dube ni ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa ƙafafuna suna rawa, ina zargin kaina da ƙirƙirar ciwo, kuma na yi wata shida ban sake gaya wa kowa ba. Wannan maganar tasa ta cuce ni ƙwarai.

Daga baya wata likitar ƙwaƙwalwa ta bayyana mini cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yana tayar da jiki, a saki sinadarin adirenalin mai sa zuciya bugawa da sauri, kafin mutum ya gane cewa tsoro ne ya kama shi. Kasa ba wa abin da ake ji suna kuwa sananne ne, tun 1973 likita Peter Sifneos ya kira shi aleksitimiya.

Ta koya mini in riƙa tambayar kaina a wane wuri a jikina nake jin abin, in rubuta. Sannu a hankali na gane cewa faɗuwar gaba da bushewar baki tsoro ne, cije haƙora da zafin wuya fushi ne, abin da ke tokare mini maƙogwaro kuma baƙin ciki ne da ban yi kukansa ba. Naki yana iya bambanta da nawa.

Idan kika ji abin yana ƙaruwa, ki dakata, ki buɗe ido, ki danna ƙafafunki a ƙasa, ki ambaci abubuwa biyar da kike gani, ki fitar da numfashi a hankali fiye da yadda kika ja shi. Nauyin ƙirjin nan ma ki bari a duba shi, kuma idan wanda kika samu bai saurare ki ba, don Allah ki nemi wani, kada ki yi shirun da na yi.