Roƙon Allah da Hausa a Cikin Sujada Yana Ɓata Sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana fama da ciwon sikila. Duk daren da ciwon ya tashi, in na kai goshina ƙasa sai 'yan addu'o'in Larabcin da na haddace su ɓace mini, sai dai in ji bakina yana cewa, "Ya Allah ka dubi yaron nan, ka sassauta masa." Wata a Islamiyyarmu ta ce sallolin nan duk sun ɓaci, sai na rama. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Baiwar Allah, sallarki ta yi, babu ramuwa a kanki.

Kabbarar harama da Fatiha da sallama, waɗannan da Larabci ake yin su. Addu'ar da mutum yake kai kukansa da ita hukuncinta daban. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil a Mukhtasar ɗinsa ya lissafa addu'a da ajami, wato da harshen da ba Larabci ba, cikin makaruhan sallah, amma ya ɗaure maganar da sharaɗi: ga wanda yake iya yi da Larabci. Wanda bai iya ba, babu karhanci a kansa. Ko ga wanda ya iya ɗin ma, makaruhi ba ya ɓata sallah. Shafi'awa sun tsananta a wannan mas'ala, wataƙila daga can waccan 'yar'uwar ta tsinto maganarta. Da ta bincika kafin ta ɗora wa mai jinya ramuwar salloli, da ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da ya zauna a zukatan mutanenmu da yawa, wai roƙo ba ya isa wurin Allah sai da Larabci. Wanda ya ce a Suratur Rum, aya ta 22, saɓanin harsunanmu yana cikin ayoyinsa, ta yaya Hausa za ta shige masa duhu? Abu Dawud ya ruwaito wani sahabi da Manzon Allah (SAW) ya tambaya me yake faɗa a sallarsa. Ya ce yana tahiya, ya roƙi Aljanna, ya nemi tsari daga wuta, amma bai iya irin addu'ar Annabi ko ta Mu'azu ba. Annabi bai tsawata masa ba, ya ce su ma a kan wannan roƙonsu yake kewayawa. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa bawa ya fi kusa da Ubangijinsa yana cikin sujada, don haka a yawaita addu'a.

Ki yi tasbihin sujada kamar yadda kika saba, ki kawo addu'ar da ta zo miki daga cikin na Annabi, don su ne mafifita. In zuciya ta cika harshe ya koma Hausa, ki ci gaba da roƙonki. Ki kuma riƙe magungunan da likita ya rubuta wa yaron, ki yawaita ba shi ruwa.

Wallahu a'alam.