Tambaya da Amsa: Hawa, Sauka da Kulle Kan Babbar Mota

Wasiƙun wannan makon na direbobin manyan motoci ne da yaransu da masu motocin. Tsofaffin direbobi da makanikan birkin iska ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Ni yaron mota ne, ina bin DAF mai ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau. Maigidana ya hana ni dirowa daga kan mota, wato ɗakin direba, wai sai dai in sauko da baya ina fuskantar kujera. Ni kuwa ina ganin manyan yara suna dirowa, ba abin da ya same su. Doka ce, ko dai tsoro ne irin na manya?

Wa alaikumus salam. Samari, maigidanka ya yi maka gata, ka riƙe shi da kyau. Motocin da kansu ke zaune a bisa inji, irin DAF da MAN da Howo, daɓen da kake taka ƙafa a ciki yakan kai mita 1.2 zuwa 1.5 daga ƙasa. Wanda ya diro daga mita 1.2 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 17 a awa, kuma idon sawu da gwiwa da ƙugu ne ke tsayar da wannan gudun cikin ƙiftawar ido. Yau ba za ka ji komai ba. Amma ka lissafa sau nawa kake hawa kana sauka a yini guda na lodi. Waɗannan manyan yaran, ka sake duba tafiyarsu in sun kama shekara arba'in. Balle ranar da ka dira a kan dutse, ko rami, ko wajen da bakin mai ya zube.

Ƙa'idar ita ce, cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a jikin mota a kowane lokaci, ɗaya kaɗai ke motsi. Yadda ba wanda ke sauka daga tsanin soro ya juya masa baya, haka matakalar mota take. Wajen hawa, buɗe ƙofa har ta tsaya da kanta, kama mariƙai biyun da ke gefen hagu da dama na bakin ƙofa, sannan ka taka matakala ɗaya bayan ɗaya da tsakiyar tafin ƙafa, ba da yatsu ba. Wajen sauka, juya tun kana kan kujera, kama mariƙan, leƙa ka ga inda ƙafarka za ta sauka, kuma kada ka saki hannu sai ƙafa biyu sun tabbata a ƙasa.

Sitiyari ba mariƙi ba ne, yana juyawa. Ƙofa ma haka, tana lilo. Taya da notocinta ba matakala ba ne. Wayarka, kwanon abinci, ledar ruwa, duk ka ɗora su a daɓen mota tukuna, in ka sauka ka miƙa hannu ka ɗauka. Silifa kuwa tana kayar da yaran mota, musamman da damina in taɓo ya cika ramukan matakala, ko da asuba in raɓa ta kwanta a ƙarfe. Nemi takalmi sau-ciki mai ƙasan roba. In doguwar riga ce a jikinka, naɗe ta ka cusa a ƙugu kafin ka ɗaga ƙafa.

Ni direba ne mai ɗaukar shanu daga Maigatari ranar Alhamis. Wani abokin aikinmu ya tayar da mota da safe, ya sauko yana haɗa tiyon iska da bodi, sai motar ta fara gangarawa ba kowa a ciki. Allah ya kiyaye, bishiya ta tare ta. Ya rantse motar a tsaye take cak lokacin da ya sauko. Yaya haka ke faruwa?

Malam, rantsuwarsa gaskiya ce, kuma nan ne haɗarin yake. Birkin ajiye babbar mota ba iska ce ke kama shi ba, iska ce ke sakin sa. A cikin tukunyar birkin da ke tayoyin baya akwai wani ƙaton sifirin. In babu iska, sifirin ɗin ya danne birki, mota ba ta motsi. In iska ta cika, sai ta matse sifirin, birki ya saki. Jan birkin hannu ba komai yake yi ba illa fitar da iskar nan, shi ya sa kake jin "fuuu" in ka ja shi.

To ga mota ta kwana, iska ta tsiyaye. Direba ya tayar da inji, ya ga mota ba ta motsi, ya ɗauka birkin hannu a jaye yake, alhali sandar a sake take tun jiya. Ya sauko. Kwamfireso na ta cika tanki, agogon iska na hawa, da ya kai inda zai iya ture sifirin, birki ya saki, mota ta kama hanya. Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi kama da labarin abokinku: kan motar ba a ja masa birki ba, birkin bodi ne ke riƙe da su duka. Da zarar an haɗa jan tiyo, wato tiyon iska mai launin ja, iska ta shiga bodi, birkinsa ya saki. Shi kuwa direba yana tsaye tsakanin kai da bodi, wurin da ya fi ko'ina muni. In haka ta faru, kada wanda ya bi mota a guje don ya haye, tayar baya ke take mutane a nan. In yana kan dandamalin bayan kai kuma hannunsa na kusa, cire jan tiyon yana mayar da birkin bodi.

Don haka kafin hannu ya taɓa ƙofa: a tsayar da mota sosai, a sa giya a firi, a ja birkin hannu har sandar ta faɗa gurbinta, a girgiza ta a tabbatar ba ta komawa. A motocin Amurka irin Mack, maɓallin rawaya ake ja, mai launin ja kuwa na bodi ne. Sai a ɗaga ƙafa daga birki a ɗan jira a ga ko za ta motsa. Ƙaramar sandar nan ta birkin bodi da ke kusa da sitiyari a wasu motoci ba ta ajiye mota ba ce, da iska take riƙewa, iska na zurarewa ta saki.

Sai weji, abin da ake tokare taya da shi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa ake raina shi, amma mota mai tan 30 ba ta buƙatar tudu, gefen titi da ya ɗan karkata ya ishe ta. A samu na katako mai ƙwari, tsayinsa kamar kwatan tsayin taya, wato wajen santimita 25, a sa gaba da bayan tayar baya. Bulon siminti farfashewa yake, dutse kuma subucewa yake.

Abu biyu da ya kamata ku duba. In an taɓa jan motar bayan ta lalace, makanike yakan ɗaure sifirin da noti don birki ya saki. In aka manta ba a kwance ba, wannan tayar ba ta da birkin ajiyewa ko an ja sanda. Sannan ku gwada yoyon iska: a sa weji, a cika tanki, a kashe inji, a saki birkin hannu, a taka birkin ƙafa na minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, in agogo ya ci gaba da sauka fiye da bar 0.2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska a agogon) a mota guda, ko bar 0.3 a tirela, akwai inda ke yoyo.

Ina da motoci biyu masu ɗaukar shinkafa daga Haɗeja. Ƙofar ɗaya ta zube, sai an ɗaga ta an buga sau uku take rufuwa, matakalar ƙasa kuma ta lanƙwashe. Direba na cewa ba komai. In bari sai an gama kakar lodi?

Ranka ya daɗe Alhaji, kada a bari. Ƙofa na zubewa ne saboda ratayuwa da ake yi a jikinta wajen hawa, ƙusoshin maratayinta su cinye. Makamin ƙofa hawa biyu ne: ƙas na farko rabin kamu ne, na biyu shi ne rufuwa. Zubabbiyar ƙofa takan tsaya a na farko, a ga kamar ta rufu, sai a kwana ko a gargada ta wangale, alhali yaro ya jingina da ita yana gyangyaɗi. A sauya ƙusoshin, a daidaita ƙarfen da harshen ke kamawa, aikin yini guda ne. Matakala kuma a sauya ta ko mai walda ya miƙar da ita, ya sa ƙarfe mai haƙora da ramuka, ba sumul ɗin faranti ba. A bi notocin mariƙai ma a ɗaure.

Mukan kwana a hanya tsakanin Kano da Gumel. Wasu na sa kwaɗo a ƙofa ta waje, wasu na ɗaure ƙofofi biyu da igiya ta ciki. Wanne ya fi? Kuma makullin ƙofata ya ƙage tun shigowar hunturu, na zuba masa bakin mai ya ƙara tauri.

Ɗan'uwa, bakin man ne ya ƙarasa shi. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai ko giris sai ta zama kwaɓi a cikin ramin makulli. A wanke ramin da man fesawa mai narkar da tsatsa, a busa da iskar mota, in ya bushe a goga bakin fensir a haƙoran ɗan makulli a riƙa sawa ana cirewa. Kada a murɗa da filaya, karyewa zai yi a ciki.

Kwaɗo a waje yana da amfani in ba kowa a ciki. Da mutum a ciki, ko na minti biyar ne, mun haramta shi. In wayoyi suka haɗu wuta ta tashi, ta ina zai fita? Ga zafin watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, rufaffen kan mota kuwa ya zarce haka nesa. Mai kwana a ciki ya danna makullan ciki. In tsaro ya sa dole a ƙara, a zura bel ɗin kujera ta mariƙin ƙofa a maƙala shi, dannawa ɗaya ke kwance shi ko a duhu. Igiya mai ƙulli ba ta da wannan sauƙin. Kaskon gawayi kuma kada ya shiga kan mota komai sanyi, hayaƙinsa da ke kisa ba shi da wari, barci kawai mutum ke zarcewa da shi.

In za a bar mota: a bar inji a silo minti 3 zuwa 5 in ta jawo kaya, don turbo, na'urar da ke tura wa inji iska, ya huce. A kashe, a zare makulli ko da fitsari za a zagaya. A ɗaga gilasai, a kau da takardun kaya da kuɗi daga inda ido ke gani, a fara kulle ƙofar yaro ta ciki, don ita aka fi mantawa. Kafin buɗe taka ƙofar, duba madubi. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ƙofar direba titi take kallo in an faka a gefe, mai babur kuwa ba ya tsammanin ƙafa daga sama. Ka kulle, ka ja hannun ƙofar ka ji. A kashe babban makunnin batir, amma motoci masu AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙin inji, a ba su kamar minti 2 bayan kashe inji kafin a yanke wuta. Akwatin batir da murfin tankin gas su ma suna son nasu kwaɗon.

In ka dawo, zagaya motar ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. A ranar kasuwa inuwar tirela ɗakin barcin 'yan dako ce, da yara da awaki. Danna oda, ɗan jira, sannan ka saki birki.

Bayan makanike ya kifa kan motata gaba don ya kai ga inji ya mayar, wata jar fitila ta ƙi mutuwa, kuma ina jin kan na bugawa a gargada.

Kada ka ƙara tafiya da ita, Malam. Alama ce ƙugiyoyin da ke riƙe kai ta baya ba su kama ba, kuma birki mai ƙarfi na iya kifa kan gaba kana ciki. Juya bawul ɗin famfon da ke ɗaga kan zuwa wajen saukewa, ci gaba da bugawa har ka ji ƙugiyoyin sun faɗa, sandar famfo ta yi tauri, ka bar bawul ɗin a nan. In fitilar ta ƙi mutuwa, a duba ko tiyo ko sifana ya shiga tsakani. Gaba in za a kifa, a sa firi, a ja birki, a kwashe jak da tulun gas da duk abin da zai faɗo ya fasa gilashi, a rufe ƙofofi. Kuma kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin kan da aka kifa rabi.

Ni direban tifa ne, ina ɗebo yashi a wajen Wudil. In bodi ya taɓa wayar lantarki lokacin juye kaya, in sauko ko in zauna?

Zauna. Muddin kana ciki ba ka haɗa mota da ƙasa da jikinka ba, wutar ba ta bi ta kanka. Yi wa mutane tsawa su ja baya, kada yaronka ya zo buɗe maka ƙofa, wanda ya taɓa mota yana tsaye a ƙasa shi wuta ke kamawa. In za ka iya sauke bodi ko ja baya ba tare da tsinka wayar ba, yi. In ba haka ba, a kira ma'aikatan wuta su yanke layin, kuma kada ka yarda da shirun waya, layi kan dawo ba sanarwa.

In gobara ta tashi a motar, nan kaɗai ne muke cewa a diro. Tsaya a bakin ƙofa, saki komai, yi tsalle nesa ka dira da ƙafa biyu a haɗe, kada hannu ya taɓa mota bayan ƙafa ta taɓa ƙasa. Daga nan ja ƙafafu a ƙasa kaɗan-kaɗan, suna gogar juna, har ka yi nisan aƙalla mita 10, domin ƙasar da ke kewaye da motar ita ma ta ɗauki wuta, dogon taku kuwa yana sa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Tayoyin da wuta ta bi ta cikinsu na iya fashewa ko bayan an yanke layi, don haka a bar motar ita kaɗai na yini guda kafin mai faci ya duba su.