Amsoshin Tambayoyinku: Wane Mutum-mutumin Kanikancin Kumbo Ya Cancanci Kuɗinku?

Tambaya daga wata uwa: Ɗana mai shekara 11 ya kamu da son R2-D2, gajeren mutum-mutumin nan mai launin fari da shuɗi na fina-finan Star Wars. Na ga iri biyu, akwai wanda ake tuƙawa yana tafiya yana ƙara, akwai kuma na LEGO da ake haɗawa da hannu. Wanne ya fi dacewa in saya masa?

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kafin ki fitar da kuɗi, yana da kyau ki san abin da ya ja hankalin yaron. Tun a fim ɗin farko da ya fito a 1977, R2-D2 ba jarumin faɗa ba ne, ko maganar mutane ba ya yi, sai fito da 'yan ƙararraki. Shi bakanike ne: ana zura shi cikin wani gurbi a bayan matuƙin ƙaramin jirgin yaƙin sararin samaniya, kansa kaɗai ke waje, idan wani abu ya lalace ana tsakiyar tafiya sai ya fito da 'yan hannayensa ya gyara, yana kuma taya matuƙi lissafin hanya. Yaron da ya bar masu takubban haske ya zaɓi wannan, a ganina aikin gyara ne ya burge shi, kuma abin da ya kamace shi shi ne wanda hannunsa zai yi aiki a kai.

Saboda haka na fi karkata ga na haɗawa. Sai dai ki lura da samfuri, domin wanda LEGO ya fitar a 2021 yana da guntaye 2,314 kuma manya aka yi wa shi, yayin da na 2024 ke da guntaye 1,050, an kuma tsara shi don masu shekara 10 zuwa sama. Wannan na biyun shi ne daidai da shekarun ɗanki. Za ki gan shi zaune da littafin umarni a gabansa, ya kai wani mataki ƙafar ta ƙi zama, ya koma baya shafi shida ya gano ƙaramin guntun da ya sa a juye, ya warware ya sake. Wannan haƙurin neman inda matsala take shi ne ainihin sana'ar da yake sha'awa, kuma abin wasan da ake danna wa maɓalli ba ya koyar da shi. Idan akwai ƙanne 'yan ƙasa da shekara 3 a gidan, a ajiye guntayen nesa da su, don suna iya haɗiye su.

Tambaya daga wani mai karatu: Wani ya yi mini tayin BB-8 na hannu, wani mutum-mutumin na fina-finan Star Wars, irin wanda kamfanin Sphero ya ƙera, ya ce da kyar aka taɓa amfani da shi. In saya?

Malam, a nan sai an bi a hankali. Abin wasan ya fito ne a 2015, shekarar da BB-8 ya fara bayyana a fim, kuma ƙirarsa abin yabo ce, ƙwallo ne da ke mirginawa, maganaɗisu na riƙe da kan a samansa. Amma a ƙarshen 2018 kamfanin ya daina ƙera kayan wasan da ke ƙarƙashin lasisin Disney, mai mallakar Star Wars, har da BB-8, shi kuwa wannan abu da manhajar waya ake tuƙa shi. Batirinsa kuma a rufe yake cikin ƙwallon, ba a yi shi don mai shi ya buɗe ya sauya ba, kuma batirin da ya yi shekaru a ajiye babu caji yakan mutu ko da ba a mori abin ba. Ke nan maganar cewa da kyar aka taɓa shi ba lallai ta zama albishir ba.

Fim ɗin 1977 kansa ya nuna irin wannan ciniki. Kawun Luke, jarumin fim ɗin, ya zaɓi wani jan mutum-mutumi, R5-D4, daga hannun 'yan gwanjon hamada, bai yi nisa da tafiya ba kansa ya yi bindiga hayaƙi ya tashi, kuma an samu musanya shi da R2-D2 ne kawai saboda masu sayarwar ba su riga sun tafi ba. Kai ma ka yi gwajin a gaban mai kayan: ka tabbatar manhajar tana aiki a wayarka, ba a tasa kaɗai ba, a ɗora shi a kan mazaunin cajinsa ya cika, sannan a tuƙa shi na tsawon lokaci ka ga ko zai ɗauke. Idan ya ƙi yarda da gwaji, ka haƙura. Idan kuwa don ado kake so, ka biya kuɗin abin ado kawai.

Tambaya daga wani ɗalibi: Ana sayar da na gaske, mai iya gyaran jirgi?

Ɗan'uwa, irin na fim ƙirƙira ce. Mafi kusa da shi a zahiri shi ne Dextre, mutum-mutumi mai hannu biyu da Kanada ta ƙera, wanda aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2008 don sauya kayan da suka lalace a wajenta, kuma daga ƙasa injiniyoyi ke sarrafa shi. Masu girman R2-D2 na fim da kake gani a bidiyo, yawancinsu masoya ne ke ƙera su da hannunsu, aikin da kan ci watanni ko shekaru. Idan hanyar nan kake so, ka fara da ƙaramin allon Arduino, wato 'yar kwamfutar da ake rubuta wa umarni don sarrafa na'urori, da mota mai ƙafa biyu da na'urar gane shinge, ka koya mata kauce wa bango tukuna.