Filin Tambaya da Amsa: Ina mutum zai je ya nemi dutse mai daraja da hannunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai tun ina yaro nake tsince-tsincen duwatsu, duk wanda naga yana ƙyalli sai na jefa a aljihu, yanzu har na cika wani ɗan akwati. Kwanaki naji wai akwai wurare a duniya da ake barin mutum ya shiga ya tona ko da ba sana'arsa bace, kuma abinda ya samu nasa ne. Dan Allah da gaske ne? Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma wallahi tambayar nan tayi min daɗi domin ba kowa ke tsayawa ya kalli abinda yake takawa ba. Wurin da yafi suna shi ne Crater of Diamonds a jihar Arkansas ta Amurka, kusa da garin Murfreesboro. Fili ne kamar eka 37, asalinsa bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya zaizaye ya koma kamar gona, wani manomi John Huddleston ne ya fara tsintar daiman a wurin a 1906, a 1972 kuma jihar ta mayar da shi wurin da kowa zai iya yankar tikiti ya shiga. A nan aka samu daiman mai nauyin karat 40.23 (karat ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja ne) a 1924, mafi girma da aka taɓa samu a Amurka. Masu kula da wurin suna bi da garma lokaci-lokaci suna juya ƙasar, shi yasa waɗanda suka san kan abin suke jira sai anyi ruwa rana ta fito, domin laka bata cika kama jikin daiman ba, sai ka hango shi yana walƙiya a saman kunya. Amma ka sani yawancin wanda ake samu bai wuce kan ashana ba, kuma mafi yawan masu zuwa haka suke komawa gida babu ko ɗaya.

A Ostareliya akwai ƙauyuka a jihar Queensland irinsu Rubyvale da Anakie da ake neman safaya, wato yakutu, sai dai sai ka yanki lasisi tukuna. Akwai kuma garin Coober Pedy a kudancin ƙasar inda aka gano opal, wani dutse mai daraja mai ƙyallin launuka, a 1915, mutane na tankaɗe tarin ƙasar da masu haƙa suka zubar suna samun abinda ya kuɓuce musu. A gaɓar tekun Baltik kuwa, wajen Polan da Lituweniya, bayan guguwa ake fita tsintar amba, wato ƙaron itace da ya daskare tun shekaru miliyoyi.

Toh amma ni abinda nafi so ka riƙe shi ne koyon karanta ƙasa, domin shi ne zai maka amfani ko ina ka tsinci kanka. Yakutu da daiman sunfi tsakuwar da ke kewaye dasu nauyi, yakutu ya ninka ruwa nauyi kusan sau 4, farin dutsen ƙanƙara kuwa, wato wanda Turawa ke kira quartz, wajen sau 2.65 ne kawai, dan haka idan rafi ya kwaso su baya kaisu nesa, duk inda gudunsa ya ragu nan yake ajiye su, a cikin kwana ta ɓangaren da ruwa ke tafiya a hankali, ko bayan wani ƙaton dutse, ko cikin tsagar fa a ƙasan rafin. Ka ɗebi tsakuwar wurin ka zuba a rariya, ka tsoma cikin ruwa kana jijjigawa sama da ƙasa kana ɗan juyata, masu nauyi zasu gangara ƙasa su taru a tsakiya, sai ka kifar da rariyar lokaci ɗaya a wuri mai laushi kamar kan buhu. Abinda ke tsakiya a sama shi zaka fara dubawa. Hannu baya faɗawa rana ɗaya, sai anyi ta yi.

Kafin duk wannan akwai maganar izini. Kowane fili da mai shi, kuma a ƙasashe da yawa abinda ke cikin ƙasa na gwamnati ne ko da gonar taka ce, dan haka ka tambayi mai wuri kuma ka san dokar ƙasar da kake. Kar ka shiga tsohon ramin haƙa da aka bari, ko leƙawa kar kayi, suna ruftawa kuma wasu babu iskar shaƙa a ciki. In zaka fasa dutse da guduma ka sanya tabarau, ka guji shaƙar ƙurarsa domin tana lalata huhu. Wani abin kuma, wasu wuraren da ake biyan kuɗi a shiga suna zuba duwatsun da suka sayo daga wasu ƙasashe cikin bokitin ƙasar da zasu baka, ga yara ba laifi, amma kai da kake son na asali ka tambaya tun farko ko ƙasar wurin ce zalla.

Tambaya: Malam ɗana ne ya shigo da wani farin dutse garai-garai kamar gilashi, mun goga a jikin kwalba ya karce ta, maƙwabta sunce daiman ne wai mu buga masa guduma in bai fashe ba shi ne. Ya zamuyi?

Amsa: 'Yar'uwa dan Allah kar ku buga. Daiman babu abinda ya kaishi ƙarfi wajen karta, amma guduma tana fasa shi tas, kinga in ma shi ne kunyi asara. Karce kwalba kuma ba hujja bace. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, dutsen ƙanƙara 7, tofaz 8, yakutu 9, daiman 10. Kenan duk dutsen da ya haura 6 zai karce kwalba, kuma ƙanƙara yana cikin duwatsun da suka fi yawa a doron ƙasa, shi yasa nafi zaton shi ne a hannunku. Ki duba siffarsa, in dogo ne mai gefe 6 da tsini a kai kamar an feƙe fensir, da 'yan layuka a kwance a jikin gefen, toh ƙanƙara ne. Shi daiman ɗanye yakan zo a dunƙule, jikinsa kamar an shafa mai.

Ku wanke shi da ruwa da tsohon buroshi kawai, ku rubuta inda aka tsince shi da ranar a 'yar takarda ku ajiye tare, sai ku kaiwa masanin duwatsu ko sashen ilimin ƙasa na jami'a mafi kusa daku su gwada da na'ura. Kar ku sayarwa kowa kafin nan. Yaron kuma ki samo masa ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10, da kwali mai gida-gida da zai riƙa jera abinda ya tsinto.