Tambaya da Amsa: Fim ɗin Sin mai kyan hoto, ya cancanci a zauna a kalle shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Nima, nan Ankara ta Ghana, kuma tun ina yaro nake son finafinan Sin na faɗa, irin waɗanda muke biyan kuɗi mu kalla a gidajen bidiyo. Kwanan nan na ga wasu hotuna da aka ciro daga wani fim mai suna The Assassin, kyan tufafin da haɗin launukan suka ɗauke mini hankali matuƙa. Sai dai abokaina na majalisar ataya da suka kalle shi sun ce kada in ɓata datata, wai babu faɗan kirki, babu magana, barci kawai yake sa mutum. Shin ya cancanci kallo, ko ƙyalƙyal banza ne?

Mai karatu daga Nima

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Ya cancanci kallo, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya, amma abokanka ba ƙarya suka yi maka ba. Faɗan da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kowanne kuma ba ya daɗewa, jarumar tana iya shafe lokaci mai tsawo ba ta buɗe baki ba. Duk wanda ya zauna yana jiran irin tsalle-tsallen da suka cika silimar Dunia a da, ko waɗanda masu zane suke zanawa a jikin buhun fulawa domin tallar gidajen bidiyo, zai tashi da jin cewa an cuce shi.

Fim ɗin ya fito a 2015, tsawonsa minti 105 ne, wanda ya ba da umarninsa kuwa Hou Hsiao-hsien ne na Taiwan, wanda aka haifa a 1947. Da wannan aikin ya karɓi kyautar gwarzon mai ba da umarni a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a shekarar. Kafin nan ya yi shekara 8 bai fitar da dogon fim ba, a 2023 kuma iyalinsa suka sanar da cewa ya ajiye aiki saboda cutar mantuwa, don haka wannan ne fim na ƙarshe da ya bari. Kyauta ba hujja ba ce cewa kai za ka ji daɗinsa, na kawo ta ne domin ka san cewa jinkirin da abokanka suka gani da gangan aka yi shi, kuma wanda ya yi shi ya daɗe a sana'ar.

Babban abin da ke jefa masu kallo cikin duhu shi ne fim ɗin ba ya tsayawa ya yi wa kowa bayanin dangantakar mutanensa, saboda haka bari in ba ka ita tun yanzu. Labarin yana faruwa ne a ƙarni na 9, zamanin daular Tang da ta mulki Sin daga 618 zuwa 907. Bayan tawayen An Lushan da ya ɓarke a 755, gwamnonin soja na wasu larduna sun yi ƙarfi har sun zama kamar sarakunan kansu, lardin Weibo yana cikin mafiya taurin kai. Wata gimbiya da ta rabu da duniya ta shiga zuhudu ta ɗauke wata yarinya mai suna Nie Yinniang tana da shekara 10, ta horar da ita kashe azzaluman masu mulki. Wata rana aka aike ta kisa, ta tarar da mutumin yana rungume da ƙaramin ɗansa, ta kasa. Horon da malamarta ta yi mata shi ne ta mayar da ita gida, bayan shekara 13, domin ta kashe gwamnan Weibo, Tian Ji'an, wanda ɗan'uwanta ne ta wajen uwa, kuma shi ne wanda aka taɓa yi musu baiko kafin manya su fasa, su aura masa 'yar wani gida mai ƙarfi domin siyasa. A cikin gidan gwamnan kuma akwai uwargida da ke da boka, da ƙwarƙwarar da ke ɓoye juna biyu saboda tsoro.

Ka ga ke nan labarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Auren zumunci da aka warware, kishi, sammu, biyayya ga malami da ta ci karo da zumunta, duk mun san su a finafinan Kano. Bambancin yana wajen yadda ake ba da shi. A wurinmu, wadda aka fasa aurenta za ta yi kuka ta faɗi abin da ke ranta, a biyo da waƙa. Yinniang, wadda Shu Qi ta fito a matsayinta, kawaici take yi daga farko har ƙarshe, ko lokacin da kuka ya ci ƙarfinta sai ta rufe fuskarta da ƙyalle.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wato ko kyan hoton yana ɗauke da wani abu. A ganina shi ne yake ba da labarin da bakin jarumar ya ƙi bayarwa. Akwai wani dogon zama a ɗakin ƙwarƙwarar, da dare, gwamnan yana ba ta labarin yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Mai ɗaukar hoto, Mark Lee Ping-bing, ya ajiye kyamara a bayan wasu labulaye marasa kauri, iska tana kaɗa su. Wani lokaci labulen ya gitta, fuskokin su dusashe, hasken kyandir ya baje ya zama ɗigon zinariya. Wani lokaci ya janye, ka ga komai tas. Sai can ka lura cewa Yinniang tana tsaye a cikin labulayen nan, tana sauraron mutumin da aka aiko ta ta kashe yana faɗin irin rashin adalcin da aka yi mata. Wurin da aka ajiye ka kai mai kallo, nan ne wurin da take tsaye. Da an yanke wannan zaman ya zama gajere, da ba za ka ji nauyin abin da ke hana ta zare wuƙa ba, alhali babu abin da ya tsare ta.

Haka faɗan ma yake. A cikin wani daji mai fararen itatuwa ta gamu da wata mace mai rufin fuska na zinariya, suka yi 'yan sare-sare, suka tsaya cak, kowacce ta juya ta kama hanyarta, sai daga baya aka nuna rufin fuskar ya tsage. Mai son faɗa zai ce an yi masa rowa. Ni kuwa ina ganin fim ne a kan gwanar kisa da ta yanke shawarar daina kisa, don haka bai kamata ya sa ka sha'awar zubar jini ba.

A matsayinka na tela, ka sa ido kan yadda aka raba launi. Farkon fim ɗin baƙi da fari ne, sannan launi ya shigo. Gidan gwamna cike yake da jan alharini da ruwan zinariya, ita kuwa baƙaƙen kaya take sawa kusan ko'ina, ta yadda ko ba a faɗa ba za ka san cewa ba ta da mazauni a gidan da ya kamata ya zama nata. Hoton kansa ba mai faɗi ba ne irin na finafinan yanzu, ya kusa zama murabba'i, don haka idan ka ga baƙi a gefe biyu na allo kada ka zaci kwafin ne ya lalace.

Yana da aibi, ba zan ɓoye maka ba. An matse bayani fiye da kima, har wasu mutane suna shigowa su fita ba ka san matsayinsu ba, kuma mace ɗaya ce ta fito a matsayin gimbiyoyi biyu tagwaye, wato malamar Yinniang da 'yar'uwarta, abin da ke ƙara rikita mai kallon farko. Maganar da ake yi ma tsohon salon Sinanci ne na littattafai, fassarar Turancin da ke ƙasan allo kuma a taƙaice take zuwa. Wannan ya sa na zayyana maka dangantakar a sama.

Shawarata ita ce kada ka kalle shi a waya, balle a cikin motar haya ta trotro ko a tsakiyar hirar majalisa, domin rabin aikin yana cikin sauti: kukan ƙwari, motsin iska, da ganga da ake bugawa daga nesa. Ka nemi kwafi mai kyau ta halastacciyar hanya, ka sa a talabijin bayan sallar isha'i, a daren da babu dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ka kashe fitila. Babu batsa a cikinsa, jinin ma kaɗan ne, amma akwai wurin tsafi da 'yar tsanar takarda da wurin da ake ƙoƙarin binne mutum da ransa, saboda haka ba na ƙananan yara ba ne. Ka daure har ka wuce zaman labulayen nan. Idan ka kai wurin bai kama ka ba, sauran ma ba zai kama ka ba, kana iya kashewa ba tare da ka ji ka yi asara ba.